Yadda Za Ka Tafi Da Kowa Ba Ka Tashi Daga Kujerarka Ba

Idan aka wayi gari an naɗa ka shugaban ofishin da zai tabbatar ba a ware kowane ɗalibi a jami'a ba, kada gabanka ya faɗi. Aiki ne mai sauƙi in ka samu wanda ya san kan abin ya nuna maka hanya, ga shi kuwa ka samu. Ni ne Dakta Ra'afat. Na riƙe irin wannan ofishi a wata kwaleji a nan Alƙahira, wadda ba zan kama sunanta ba saboda har yau a can nake cin abinci, kuma na fito da lambar yabo mai ruwan zinariya da sunana a jiki. Ka bi matakan nan yadda na jera su, na ɗaukar maka alkawari za ka samu irin tawa. Wanda ya bi su bai samu ba, ya binciki kansa.

Mataki na ɗaya: Kama ɗaki kafin ka kama aiki

Sabon shiga yakan fara da tambayar mene ne aikinsa. Kai fara da tambayar ina ne ɗakinka.

Ginin kwalejinmu tsoho ne, hawa huɗu, babu lif, wato na'urar hawa bene, matakalarsa kuwa da alama wanda ya gina ta yana da tsohuwar gaba da gwiwar ɗan Adam. A ƙasa ba komai sai ɗakin masu gadi, da ɗan masallaci, da kusurwar da Baba Sha'aban yake dafa shayi, da aji guda ɗaya mai faɗi da sanyi, tagarsa na kallon bishiyar lemo. Sai banɗaki a maƙale da ajin. Shi kaɗai ne banɗaki mai rai a duk ginin, domin na sama an garƙame su tun shekarar da bututu ya fashe ya jiƙa takardun jarrabawa.

Wannan ajin za ka nema. Kada ka ce gwiwarka ce ke ciwo, ko da ita ce. Je ka wurin Shugabar Kwaleji, tamu sunanta Dakta Nagwa, ka ce mata ofishin da aka buɗe domin kowa dole ya zauna inda kowa zai iya isa. Magana ce da ba mai iya ja da ita, ni kaina da na faɗe ta sai da ta burge ni. Kafin mako ya zagayo an kwashe bencina an hau da su sama, an shigo min da tebur da kafet da kujera mai juyawa.

Mataki na biyu: Raɗa suna, buga allo

Namu sunansa Ofishin Tafiya Da Kowa. Kana iya ara, ban hana ba.

Bayan haka ka riƙa sauya wa mutanen da kake yi wa aiki suna duk shekara. Bara naƙasassu, bana masu buƙata ta musamman, baɗi ma'abota himma. Kowane sabon suna yana neman sabon allo, sabon allo yana neman bikin buɗewa, bikin kuwa shi ne aikin.

Kada ka manta da Ranar Al'adu. 'Yan Sudan su zo da farar jallabiya, 'yan Siriya su zo da kayan zaƙi, yaran kudu su yi wasan sanda, 'yan Malesiya su yi murmushi. Kowa ya ci na kowa, a yi hoto. Washegari kowa zai koma bencin da ya saba da mutanen da ya saba, amma wannan ba ruwanka, ba ya cikin hoton.

Shi hoton yana da ƙa'ida. Mai lulluɓi ɗaya, marar lulluɓi ɗaya, Kirista mai zanen gicciye a wuyan hannu ɗaya, a ɗan karkata hannun yadda zai fito. Tsakiya kuma a bar wa mai keken guragu. In ba ka da shi, nemo.

Mataki na uku: Mayar da matsala hoto

Ni ban sha wahalar nema ba, Allah ya kawo min Ziyad Shalabi har gida. Ɗan unguwar Shubra ne, yana karanta tarihi, siriri, mai ƙaramar murya da idon da ke tsayawa a kan mutum fiye da yadda mutum yake so. Tun yana yaro ƙafafunsa ba sa ɗaukarsa. Ajinsu a hawa na huɗu yake. Shi ne dai ajin da aka kwashe bencinansa daga ɗakina, amma wannan ya faru kafin zuwan Ziyad, saboda haka kada wani ya kalle ni.

Kullum da safe abokan karatunsa huɗu, ƙarƙashin wani ƙato mai suna Hamada, sukan kama keken, kowa da kusurwarsa, su yi bismillah su hau da shi. Masu saukowa su raɓe jikin bango suna sa musu albarka, ana cewa mazaje kenan, Allah ya ƙara ƙarfi. Ka san mu, ba abin da muke so kamar a yi zumunci inda jama'a za su gani. Da la'asar su sauko da shi haka.

Wani in ya ga wannan zai ce matsala ce. Kai ka ce hoto ne. Na sa aka ɗauke su daga ƙasa, hasken taga na dukan fuskar Hamada, na buga hoton ƙato a ƙofar ofis da rubutu a ƙarƙashi: "A nan ba a barin kowa a ƙasa." Baƙi da yawa sun tsaya gabansa sun share ƙwalla. Ban tambayi Ziyad ba kafin in buga, domin ba a neman izinin mutum kafin a karrama shi.

Mataki na huɗu: In ya zo da buƙata, tare shi da shayi

Zai zo, kada ka yi shakka. Nawa ya zo wata ranar Talata da safe, ya gangaro da kekensa har gaban teburina ba wanda ya taimaka masa, abin da ke ƙara nuna hikimar zaɓen ɗakin. Na tashi na tare shi, na ce ya haskaka mana ofis, na ƙwala wa Baba Sha'aban kira ya kawo shayi biyu, nawa da sukari sosai.

Bai yi doguwar shimfiɗa ba. Ya ce 'yan ajinsu ba su da yawa, ɗakin nan zai ɗauke su har da saura, kuma ya ji dā can nasu ne. Yana roƙon a mayar musu da shi, ni in koma sama.

"Sha shayinka tukuna, ɗana," na ce.

"Na gode, Dakta. Ba na sha sai an tashi daga aji."

"Kofi ɗaya? A ofishina? Wallahi sai ka sha."

"Ka yi haƙuri, Dakta. Ba zan iya ba."

Na haɗa shi da girman Allah da na iyayensa, ya ƙi. Shayin ya huce a gabansa yana kallo. Abin ya ƙona min rai. A garin nan mutum ya shigo wurinka ya ƙi shayinka, ai ya faɗa maka matsayinka ke nan. Na ce a raina girman kai ke damun yaron nan, hoton da na buga ne ya fasa masa kai. Wannan ya sauƙaƙa min aiki ƙwarai, kuma shawara ce gare ka: duk wanda ya zo neman abin da ba ka son bayarwa, yi maza ka samo masa wani mugun hali.

Na ce masa maganarsa ta shige ni, in Allah ya yarda za a duba. Ya dube ni da idon nan nasa, ya juya kekensa ya tafi gindin matakala yana jiran su Hamada.

Mataki na biyar: Amsa da kwamiti, ka bi da taron bita

Kada ka taɓa cewa a'a. Masu cewa a'a ba sa daɗewa a wannan aiki.

Na kafa kwamitin duba yiwuwar saka lif, na zuba masa injiniya, da ma'aji, da wani malamin falsafa da ba shi da abin yi. Sun yi ta zama a ofishina saboda sanyinsa. Daga ƙarshe suka gano cewa ginin tsoho ne, suka ba da shawarar a kafa wani kwamitin.

Sai na shirya taron bita mai taken "Mu Saurare Su". A zauren hawa na uku aka yi, domin nan ne fanka ke aiki. Su Hamada suka hau da Ziyad, aka ajiye shi a sahun gaba. Na yi jawabi a kan muhimmancin sauraro, jawabin ya yi kyau har lokaci ya ƙure ba a samu damar ba shi abin magana ba. Aka raba basbusa, wani kek mai zaƙi, da ruwan lemo. Ya ci basbusar, ya ture lemon gefe. Na lura, na ƙara a cikin laifuffukansa.

Ba a daɗe ba aka daina ganinsa. Hamada ya ce yana kwance, likita ya ce ƙodarsa ce. Na aika masa da katin gaisuwa mai tambarin ofis. Kada ka tambayi abin da ke kawo wa saurayi ciwon ƙoda, kai ba likitan asibiti ba ne, daktan takarda ne.

Da ya dawo duk ya zube. Wannan karon bai shigo ba, a bakin ƙofa ya tsaya, ƙarƙashin hoton nasa. Ya ce likita da mahaifiyarsa bakinsu ya zo ɗaya: in zango mai zuwa ya kama ajin yana sama, zai ajiye karatun.

"Ba barazana nake yi ba, Dakta," in ji shi. "Faɗa maka kawai nake yi, don ka fara neman wanda za ka sa a hoton."

Wannan kam matsala ce, domin akwai wasu baƙi a tafe, kuma mai keke ba ya samuwa cikin gaggawa.

Mataki na shida: Gayyato baƙi, ka ƙirƙiro abin da ba a taɓa yi ba

Wata gidauniya daga ƙasar waje ta turo wakilai su zaɓi kwalejin da ta fi tafiya da kowa. Irin wannan rana ita ce sallarka, kada ka tare ta da tsohon shiri.

Ni abin da na ƙirƙiro shi ne "Sa'a Guda A Kekensa". Manyan kwaleji za su zauna a keken guragu su ɗanɗana rayuwar ma'abota himma. Na kama abin magana da kaina na sanar cewa duk wanda ya zauna ba zai tashi ba sai sa'ar ta cika, ko me zai faru, tunda su ma ba sa tashi. An tafa sosai. Da aka zo zama sai Dakta Nagwa ta tuna bayanta na ciwo, sauran manya kuma kowa aka yi masa waya. Ya rage ni kaɗai da keken da aka aro daga ɗakin shan magani. Ban damu ba, shirina a zagaya da ni tsakar gida ƙarƙashin bishiyar lemo, wuri a shafe, ina ɗaga hannu.

Ka kuma nuna wa baƙi karamci. Tun safe nake tare da su. Na sha shayi da shugabarsu, wata dattijuwa mai furfura, na sha da mataimakinta, na sha da tafintansu, har direbansu ban bar shi ya sha shi kaɗai ba. Su gani da idonsu cewa mu ba a ƙin shayi a wurinmu.

Abu ɗaya zan ja maka kunne a kai. Kada ka miƙa wa mutumin hoto abin magana. Ni dattijuwar ce ta nace sai ta ji muryarsa. Ziyad ya karɓa, ya gode wa baƙi, ya gode wa Dakta Nagwa, ya gode min fiye da kowa. Sannan ya ce:

"Dakta ya ce yana son ya ɗanɗana yinina. To yinina ba a tsakar gida yake ba, a hawa na huɗu yake. Hamada, ku taimaka wa Dakta."

Tafinta ya fassara. Dattijuwar ta dafa ƙirji. Nan take hannuwa takwas suka kama keken.

Mataki na bakwai: In an ɗaga ka, yi murmushi

Ba wanda ya taɓa gaya min cewa kwantar da mutum ake yi. Keken yakan karkata baya ne, ƙafafunka su yi sama, ba abin da kake gani sai rufin bene da tabon ruwa a jikinsa. Ba ka ganin inda ake kai ka. Kana jin numfashin mutum a kunnenka, kana jin gumin wani yana ɗiga a kan rigarka, in ɗaya ya yi tuntuɓe ka tangaɗa kamar kwano a hannun yaro. Ga shi ni ba siriri ba ne kamar Ziyad, shekaru na yi ina cin koshari, dafa-dukan shinkafa da taliya, a zaune. A kwanar farko na ji na hagu yana kiran sunan uwarsa a hankali.

Masu saukowa suka raɓe jikin bango suna cewa mazaje kenan. Ba ni suke nufi ba. Ni ko kallona ba sa yi, kamar firji ake hawa da shi. Na ji tsoro, na ji kunya, kuma ban san wanne ya fi ba.

Ziyad yana ƙasa, tunda masu ɗaukarsa suna ɗauke da ni. Muryarsa ta biyo matakalar:

"Dakta, a kowane hawa ana cewa na gode. Kada ka manta, ransu yana ɓaci."

Na faɗa. Na faɗa a hawa na ɗaya, na faɗa a na biyu, a na uku kuwa ba don hoto na faɗa ba.

Aka dire ni a gaban aji. Baƙi suka iso suna haki da kyamarorinsu, Dakta Nagwa a baya, su Hamada suka zube a ƙasa jikin bango kamar wanki. A nan ne shayin safe ya tuna da ni. Na shugabar, da na mataimakinta, da na tafinta, da na direba, duk suka taru a wuri ɗaya suna neman hanya.

Yanzu lissafa tare da ni. Banɗaki yana ƙasa. Ni da bakina na ce ba mai tashi. In zan sauka, sai in kira Hamada, wanda har yanzu bai dawo da numfashinsa ba, in gaya masa dalili a gaban 'yan mata da baƙi, su sauke ni, su jira ni a ƙofa, su sake hawa da ni. Na matse ƙafafu ina murmushi, gumi na bin bayana. Sai kofin nan da ya huce a kan teburina ya faɗo min a rai, da ruwan lemon da aka ture gefe, da katin gaisuwa mai tambari. Kusan shekara biyu yaron nan yana yini ba ya sa ko ruwa a bakinsa, ni kuma ina can ƙasa ina jin haushin ya ƙi shayina.

Ina so in ce maka tausayi ne ya sa ni abin da ya biyo baya. Akwai shi, ban musa ba. Amma ba shi ne a gaba ba. Da dattijuwar ta tambaya ta bakin tafinta wane mataki ofishina zai ɗauka, a lokacin ko gidana aka nema zan bayar in dai za a sauka. Na ce ajin nan zai koma ƙasa, daga yau.

"Wane ɗaki, Dakta Ra'afat?" in ji Dakta Nagwa, tana kallona ta saman tabarau. Ta san ɗaki ɗaya ne, kowa ya sani.

"Nawa," na ce. "Kuma mu sauka yanzu yanzu in nuna musu."

Ban taɓa jin tafi irin na ranar ba, kuma kowane tafi a marata yake sauka. Da aka dire ni a ƙasa, Ziyad yana nan inda muka bar shi. Ya dubi fuskata sau ɗaya, ya matso da kekensa ya rage murya yadda ba mai ji.

"Da baya ake shiga banɗakin, Dakta. Keken ba ya juyawa a ciki."

Mataki na takwas: Karɓi yabo da hannu biyu

Mun ci lambar. A wurin bayarwa an kira ni shugaban da ya sadaukar da ofishinsa don ɗalibi ɗaya, ban kuwa gyara musu ba, kai ma kada ka gyara. Su Hamada suka hau min da tebur da kafet da kujera mai juyawa zuwa hawa na huɗu, suna waƙa. Hoton ƙofa Ziyad ya roƙa a ba shi, na ba shi, ban kuma tambayi abin da ya yi da shi ba.

Yanzu kullum da safe nakan tsaya gindin matakala in yi shawara da gwiwoyina. Sau ɗaya suke yarda su hau, sau ɗaya su sauko, ba ƙari. Don haka na daina shan shayi a wurin aiki. Baba Sha'aban yana fushi da ni, yana gaya wa mutane tunda na samu lambar yabo na fi ƙarfin shayinsa.

Ziyad bai ajiye karatu ba. Ran nan zan hau na hango shi ta ƙofar tsohon ɗakina, a bakin tagar da ke kallon bishiyar lemo, ya yi ƙiba kaɗan, kofi a hannunsa, wani kofin da ya riga ya shanye a gefe. Ya ɗaga min shi.

"Bismillah, Dakta. In sa a kawo maka?"

"Na gode, ɗana," na ce. "Ba na sha sai an tashi daga aiki."

Na jira ya yi dariya, ko ya rantse sai na sha, kamar yadda ake yi. Bai yi ko ɗaya ba. Ya gyaɗa kai kawai, ya ce Allah ya sauƙaƙa, ni kuma na kama ƙarfen matakala.

Kada a kuka da ni

Alkawarin lambar yabo na yi maka, ban yi maka na ɗaki ba. Duk abin da ya samu gwiwarka, ko mararka, ko zumuncinka da mai shayi sanadin bin waɗannan matakai, babu hannun Dakta Ra'afat, babu na Ofishin Tafiya Da Kowa. Mai ƙorafi ya kawo shi da kansa, ofishina yana hawa na huɗu, ƙofa a buɗe take ga kowa. Wanda ba ya iya hawa kuwa kada ya nemi masu ɗaukarsa. Ya aiko a kira ni, zan sauko. Dama ina neman dalili.